Daga Teburin Malam: An Raba Gari, Ba a Raba Bashi Ba

A wannan wata wani ɗan'uwa ya aiko mini da wasiƙa, na kuwa ga ya kamata in amsa masa a fili, gama irin damuwarsa ta shiga gidaje da yawa.

Ya ce shi da abokinsa suka haɗa jari, suka sayi fili da injin niƙa. Da kuɗin bai kai ba, sai suka ci bashi a banki, dukansu biyu suka sa hannu. Daga baya ra'ayi ya saɓa, suka rabu da fatar baki, ba takarda, ba shaida. Yanzu abokin ya karye, masu binsa bashi sun yi masa ca, banki kuma ya aiko wa ɗan'uwan nan takarda. Tambayarsa ita ce, "Malam, ina ruwana, tun da na fita?"

Ɗan'uwa, da ruwanka ƙwarai. Dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, wadda Nijeriya ta gada, waɗansu jihohi kuma suka yi tasu bisa tsarinta, ta ɗora wa kowane abokin haɗin gwiwa nauyin bashin da aka ci sa'ad da yake ciki. Fitarka ba ta share tsohon bashi ba, sai in mai bin bashin ya yarda ya sake ka. Har ma sabon bashi zai iya hawa kanka, in waɗanda kuka saba ciniki da su ba su san ka fita ba.

To, yaya za a yi? Da fari, ka raba bashin gida biyu. Akwai wanda kuka ci tare domin injin, akwai kuma wanda abokinka ya ci don kansa. Na farkon naku ne. Na biyun nasa ne, in dai ba ka tsaya masa ba. Masu binsa wannan za su iya neman rabonsa cikin kayan, amma ba naka ba.

Na biyu, ku yi lissafi yadda doka ta jera. Daga kayan haɗin gwiwa ake fara biyan mutanen waje, sa'an nan rancen da ɗayanku ya ba sana'ar, sa'an nan jarin kowa, abin da ya saura kuma a raba kamar yadda ake raba riba. Ga misali irin na aji: a ce an sayar da inji da fili naira 900,000, banki yana bin 500,000. Abin da za ku zauna a kansa 400,000 ne kaɗai.

Na uku, ku rubuta. Ku kira dattawa biyu su shaida, lauya kuma ya duba takardar. Ka rubuta wa banki da dukan masu kawo muku kaya cewa ka fita, ka ajiye kwafi. In kun yi rajistar sunan sana'ar a hukumar rajistar kamfanoni, watau CAC, ka sanar da ita. Batun fili kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka daga gwamna ba zai mayar da ita ga wani ba sai da yardar gwamna.

Abu na ƙarshe shi ne mai wuya. Za a ba ka shawara ka kwashe injin da dare, ko abokinka ya roƙe ka ka ɓoye masa kaya da sunanka. Kada ka yarda. Kotu tana da ikon warware cinikin da aka ƙulla domin a zambaci masu bin bashi, sunanka kuma ya ɓaci a banza. In kana so ka taimake shi, gama yana da mata da yara, ka ba shi daga rabonka da rana tsaka, bayan kowa ya karɓi hakkinsa.

Ku kuma da kuke shirin haɗa jari, ku rubuta sharuɗɗan rabuwa tun kuna dariya da juna.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.