Kafin a sauke giyabos ɗin jif, a fara tambayar ƙwaƙwalwarta

A garejin Batsari ko Safana, da zarar jif ta fara fizga wajen canza giya, maganar farko ita ce giyabos ya tafi, sai a yi waya Kofar Ruwa a Kano a ji farashi. Wannan gaggawa tana cin kuɗin mutane a banza, kuma matasa masu waya a hannu ne ya kamata su taka mata birki.

Misali mai kyau shi ne Toyota RAV4 ƙirar 2001 zuwa 2003, wadda har yau ba ta ɓace a titunan Arewa ba. Da yawa daga cikinsu suna buga giya da ƙarfi, alhali laifin na ƙwaƙwalwar inji ne, wato birenbos, domin ita ke ba giyabos umarni. Kamfanin ma ya amsa matsalar, ya tsawaita garanti a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Wanda ya sa sabon giyabos ya bar tsohuwar ƙwaƙwalwa, zai iya sake kashe shi.

To ina take? A wannan RAV4 da Highlander ta 2001 zuwa 2007, tana bayan akwatin ajiya da ke gaban kujerar mai zaman banza. A RAV4 ta 2006 kuwa ta koma ƙarƙashin bonet, don haka mai wankin mota ya yi hattara da feshin ruwa. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ta birkin ABS tana manne da famfonsa a ɗakin inji, ta jakar iska tana ƙasan wajen giya. Wayoyinta masu ruwan ɗorawa ba na wasa ba ne, a bar wa rewaya.

Ba sai an kwance komai ba. Duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai ƙofa 16, galibi a ƙasan sitiyari, sunansa OBD-II. A soka ƙaramar na'urar ELM327, a haɗa da waya ta Bluetooth, manhaja irin Torque ko Car Scanner ta fito da lamba kamar P0755. Lambar ba hukunci ba ce, hanya take nunawa, kuma na'urar mai araha galibi ba ta jin yaren ABS da jakar iska.

Mutanen ƙasar Ruma ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana. Bluetooth bai damu da sabis ba. A sauke manhajar da ma'anar lambobin tun ana gida, domin hanyar Batsari zuwa Katsina ba wurin da za a tsaya da yamma ana lalube ba ne.