Tarin da ya ƙi tafiya bayan an gama magani

 A wannan watan zan karkata ga 'yan uwanmu na Bagudo da Illo da Lolo da Tsamiya, can bakin iyakar Benin, inda mace ke wuni tsakanin murhun girki, bandar kifi da turara shinkafa. Amma zancen na duk mai girki da itace ne.

Kin san wata baiwar Allah da ta yi tarin fuka, ta sha magani wata shida cur, aka ce ta warke, amma har yau in ta ɗebo ruwa sai haki, ƙirjinta na fito kamar mai asma? Wasu su ce ciwon ne ya dawo, wasu su ce sammu. Sau da yawa tabo ne.

Huhu cike yake da ƙananan bututun iska masu rassa kamar bishiya. Idan ƙwayar tarin fuka ta kama cikin bututun sai ta yi masa gyambo, in ya warke ya bar tabo, tabon kuma ya tsuke hanya yadda ƙuna ke tattare fata. Wani lokacin bututun lalacewa yake yi ya buɗe fiye da kima, kaki ya riƙa taruwa a ciki, har a ga jini. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya goge tabon, kuma gwargwadon jinkirin zuwa asibiti gwargwadon ɓarnar.

Sai hayaƙi. Dubi kunkunniyar da ke rufin madafarki, to irinta ce ke shiga ƙirji. A wani rahoto na 1998, likitoci a Koriya ta Kudu sun leƙa hanyoyin iskar majinyata 28 da na'ura, akasarinsu tsofaffin mata, suka tarar sun yi baƙi sun tsuke, kuma fiye da rabinsu na da tarin fuka. Daga baya an ga irin haka a Iran da Indiya, musamman a matan da suka shekara da shekaru suna girki da itace ko kashin shanu ba tare da sun taɓa shan sigari ba. Hayaƙi na raunana garkuwar huhu, tarin ya samu wurin zama, biyun su haɗu su yi ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020.

Saboda haka tarin da ya kai mako biyu, balle da rama da gumin dare, a kai kaki gwaji. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma kina iya kiran 3340 kyauta a yi miki kwatance. Abin da ya fi damuna da mutanen iyaka shi ne tafiya: an fara magani, sai a haura Segbana biki ko Malanville kasuwa, a yi makonni, ƙwaya ta yanke. Kafin ki tafi ki gaya wa ma'aikacin da ke ba ki, ki tafi da katinki.

Wadda ta gama magani kuma tari bai bar ta ba, kada ta sayi ƙwayoyin tarin fuka a kemis ta sake farawa. A sake gwajin kaki da hoton ƙirji tukuna, in ta kama a tura ta Birnin Kebbi. Masu tabo suna samun sauƙi da maganin shaƙa da koyon fitar da kaki.

Murhu kuwa, a fito da shi tsakar gida ko a fasa wa madafa taga, a yi amfani da busasshen itace, a daina hura wuta da leda. Ki sauke goyon nan kafin ki tsuguna gaban banda, Iya ma a matsar mata da tabarma inda iska ke kaɗawa.