In Ka San Ƙarshen Labari, Me Ya Rage a Littafin?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar dogon littafin ƙagaggen labari da aka gina kan tarihi ya san inda gajiya ke kama mutum. Yawanci a tsakiya ne, bayan sunaye da garuruwa sun daina zama baƙi, sa'ad da zuciya ta fara raɗa maka cewa ai ka riga ka san inda aka dosa. Masarauta za ta faɗi, Bature zai iso, jarumi zai mutu. A gari irin Diffa, inda littafi ba ya samuwa da sauƙi, kwafi ɗaya kan zaga hannun malaman lakwal da ɗaliban jami'a kafin ya koma wurin mai shi, saboda haka tambayar ko a ci gaba ko a ajiye ba ta tsaya kan lokacinka kai kaɗai ba. Wani ma na jira.

Ɗauki misalin Ségou na Maryse Condé, marubuciyar tsibirin Gwadalup da ta rasu a 2024. Mujalladi biyu ne, na farko ya fito a 1984, na biyu a 1985, suna bin zuriyar wani bafaden Bambara mai suna Dusika Tarawore tun daga ƙarshen ƙarni na 18. Wanda ya yi tarihi a makaranta ya san Alhaji Umaru Tal, wanda ya ratsa Borno a hanyarsa ta dawowa daga hajji, ya kuma zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ya ci birnin Segu a 1861, Faransawa kuma suka karɓe shi a 1890. Ga kuma ƴaƴan Dusika maza huɗu, waɗanda tun ba a yi nisa ba mai karatu zai gane an raba musu rabo: Tiekoro ya ɗauki Musulunci, Naba bauta da ƙetare teku, Siga fatauci, Malobali aikin sojan haya. Sai mutum ya ce, to me kuma ya rage?

Kafin mu yanke hukunci, bari mu leƙa Japan, ƙasar da ta shafe shekara sama da ɗari uku tana sake sauraron labari ɗaya ba ta ƙoshi ba. A 1701 wani basarake mai suna Asano, mai riƙe da ƙasar Ako, ya zare makami ya sari wani babban jami'i mai suna Kira a cikin fadar mai mulkin soja da ke Edo, birnin da ake kira Tokyo yanzu. Zare makami a fada babban laifi ne. A ranar aka umarci Asano ya kashe kansa, aka ƙwace ƙasarsa, mayaƙansa suka wayi gari ba ubangida, shi kuwa Kira ba abin da aka yi masa. Mutum 47 daga cikin mayaƙan, ƙarƙashin jagorancin Oishi, suka lafe kusan shekara biyu, sannan cikin wani daren hunturu suka afka wa gidan Kira suka kashe shi, suka kai kansa kabarin ubangidansu a wurin ibada na Sengakuji, suka miƙa wuya ga hukuma. Su ma, in ban da mutum ɗaya, aka yanke musu irin hukuncin da aka yanke wa Asano.

Ramuwar gayyar ba ita ce abin koyi ba. Abin dubawa shi ne abin da mutanen Japan suka yi da labarin. A 1748 aka fara nuna shi a Osaka a wasan ƴartsana mai kashi 11, Kanadehon Chushingura, aka sauya sunayen mutanen aka kuma mayar da labarin ƙarni na 14, domin hukuma ta hana a kawo al'amuran zamani kan dandamali. Daga nan ya shiga wasan kabuki, ya shiga littattafai, ya shiga fina-finai ba adadi. Gidan talabijin na NHK, wanda tun 1963 yake nuna wasan tarihi mai tsawo duk shekara, ya ba wannan labari shekarar 1964. Har yau, kowace ranar 14 ga Disamba mutane na taruwa a Sengakuji. A cikinsu babu ko ɗaya da ke tambayar ko za a kashe Kira.

To me suke zuwa gani? Kashi na bakwai na wasan ya isa amsa. Jagoran mayaƙan yana zaune a wani gidan shaƙatawa a Kyoto, yana nuna kamar giya da mata sun cinye shi, har takobin da ya ajiye ya yi tsatsa. Wani tsohon abokin aikinsa da ya koma ɗan leƙen asirin abokan gaba ya zo ya gwada shi: ya miƙa masa naman wata dabbar teku a daren jajibirin ranar tunawa da mutuwar ubangidansu, daren da al'ada ta ce bawa mai amana ba ya taɓa nama. Ya karɓa ya ci, yana dariya. Can kuma ya keɓe ya buɗe wata doguwar wasiƙar sirri yana karantawa, bai san ɗan leƙen asirin ya shige ƙarƙashin dandamalin yana karanta ƙarshen takardar da ke zubowa ƙasa ba, wata mace kuma daga bene tana karantawa ta cikin madubi. Masu kallo sun san maye na ƙarya ne. Sun san wannan lomar tana ƙona masa maƙogwaro. Da ba su sani ba, da mashayi kawai za su gani yana cin abinci. Saninsu ne ya ɗora wa wurin nauyi.

Marubutan wasan sun kuma yi wata dabara. Tun da tarihi ya ɗaure musu hannu kan manyan mutane, sai suka buɗe fili a gefe, inda tarihi bai ce komai ba. Akwai matashin mayaƙi Kampei, wanda ya zaci shi ya kashe surukinsa cikin duhu, da matarsa Okaru da aka sayar don a sama masa kuɗin shiga sahun masu ramuwa. A kan waɗannan ƙananan mutane masu kallo suka fi zubar da hawaye.

Abin da na ɗauko daga nan shi ne, sanin ƙarshe iri biyu ne, kuma mukan haɗa su wuri ɗaya mu zalunci littafi. Akwai sanin abin da zai faru, wanda tarihi ne ya ba mu shi kyauta, babu laifin marubuci a ciki. Akwai kuma sanin zuciyar mutanen labarin tun kafin su buɗe baki: mugu mugu ne daga shafin farko har na ƙarshe, nagari bai taɓa shakka ba, kowa na magana kamar ya riga ya karanta littafin tarihin da za a rubuta bayan mutuwarsa. Wannan na biyu shi ke kashe littafi. Na farkon kuwa har taimako yake yi. A 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun ba ɗalibai gajerun labarai 12, wasu an faɗa musu ƙarshe tun farko, wasu ba a faɗa ba. A mafi yawan labaran, waɗanda aka faɗa wa sun ɗan fi jin daɗin karatun. Gajerun labarai ne, bai kamata a ɗora wa binciken abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya yi daidai da abin da masu wasan Osaka suka gano tun da daɗewa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sha'ani, mantawa dai muke yi idan muka riƙe littafin boko. Duk watan azumi ana zama tafsiri, kuma babu yaron da bai san Annabi Yusuf, Alaihis Salam, zai fita daga rijiya, ya fita daga kurkuku, ya riƙe taskokin Masar, ya yafe wa ƴan'uwansa ba. Amma bari malam ya iso inda ƴan'uwan suka tsaya gabansa neman awo, ya gane su, su ba su gane shi ba, sai ka ji masallaci ya yi tsit. Manomin tattasai a bakin Komadugu ma ya san ruwan kogin a Tafkin Chadi zai ƙare. Abin da ke hana shi barci shi ne ranar da ruwan zai iso da inda zai tsaya, ko ya shayar da gona ko ya ci ta.

Saboda haka idan littafi ya fara yi maka nauyi, akwai gwaji mai sauƙi. Rufe shi, ka ɗauki mutum ɗaya daga ciki, ka tambayi kanka me yake tsoron rasawa, kuma ko akwai wata hanya da zai iya bi wadda ba wadda ka hango masa ba. In amsa ta zo da wuya, ko ta zo kashi biyu suna jayayya, littafin na da rai, ci gaba. In ta zo nan take kuma ita ce dai amsar da za ka bayar tun a babi na biyu, marubucin ya daina aiki, kai ma ba dole ka ci gaba da yi masa ba. Wanda bai gamsu ba ya tsallaka ya karanta babin ƙarshe. Idan bayan nan har yanzu yana son sanin yadda aka yi aka kai can, ya sami amsarsa. Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a Amurka, Nancy Pearl, ta shahara da shawarar a ba littafi shafi 50 kafin a ajiye shi, wanda ya haura shekara 50 kuma ya cire shekarunsa daga 100 ya karanta abin da ya rage. Shawara ce mai tausayi, sai dai ga dogon labarin tarihi ta yi gajarta, don shafi 50 na farko gina gari ake yi da gabatar da dangi. Daniel Pennac na Faransa, a littafinsa na 1992, ya lissafa tsallake shafuka da ƙin ƙarasa littafi cikin haƙƙoƙin mai karatu. Ina tare da shi, muddin mutum ya san dalilin da ya sa ya ajiye.

Da wannan ma'auni, mujalladin farko na Ségou ya cancanci a kai ƙarshensa. An ce rabon Tiekoro Musulunci ne, amma wannan bai gaya maka cewa zai bar gidan ubansa cike da ƙaunar karatu ya isa Tambutu ya tarar ana raina shi don shi Babambare ne ba, ko cewa zai nemi ƴar mai masaukinsa a hana shi, ko cewa shi da aka wulaƙanta zai juya ya zalunci macen da ta fi shi rauni. Mutum ne mai imani da girman kai da rauni a lokaci ɗaya, ba ka iya rantsewa kan abin da zai yi gobe. A mujalladi na biyu jikoki sun yawaita, labarin ya kai har Jamaika, wasu mutanen na wucewa da sauri kafin ka san su. A can ya kamata a sake yin gwajin daga farko.

Abin da muke nema a matsayin masu karatu shi ya kamata mu nema daga masu rubuta tarihin wannan kwari namu na Komadugu. Abdoulaye Mamani, ɗan Gudumariya, ya nuna ana iyawa da ya rubuta Sarraounia a 1980 kan tirjiyar Lugu, can yamma, ga rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Kayan aikin da ke gabas ba su gaza na yamma ba. A ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince a Landan cewa iyakar rabonsu za ta tashi daga Say a bakin Kwara ta ƙare a Baruwa a bakin Tafkin Chadi. Mu yau muna kallon taswira kamar haka Allah ya halicce ta, alhali waɗanda suka ja layin ma ba su san inda zai tsaya ba. An gyara shi a 1898, Faransawa suka gano bai bar musu hanya mai ruwa zuwa Damagaram da Chadi ba, aka sake gyara a 1904 da 1906, har Komadugu ya zama iyaka, ya raba dangi gida biyu. Parfait-Louis Monteil, hafsan Faransa da aka aiko ya bi yankin layin, ya sauka Kukawa, fadar Borno, a 1892 a zamanin Shehu Hashimi. Babu bafaden da ya tarbe shi da ya san cewa baɗi Rabe zai ƙone birnin, balle ya san Raben ma zai faɗi a Kusuri a watan Afrilun 1900. Marubucin da zai sa wani bafaden Kukawa ya yi magana kamar ya hango duk wannan ya riga ya yi asarar mai karatunsa. Wanda zai bar shi yana lissafin kyautar da za a ba baƙo, yana fargabar makircin abokin hamayyarsa a fada fiye da rundunar da ke tafe daga kudu, shi zai riƙe mu shafi ɗari biyar.

Haka zai kasance ranar da wani zai rubuta labarin Baruwa ta zamaninmu. Mai karatunsa zai riga ya san an watse daga garin a 2015 saboda hare-haren Boko Haram, an mayar da kusan mutum 6,000 a watan Yunin 2021, kuma a watan Agustan shekarar an kai hari aka kashe sojoji 16. Duk wannan yana cikin rahotanni. Abin da ba ya ciki shi ne lissafin da mutane suka yi a daren fita: kwana nawa suka zaci za su yi, wa aka bar wa kwalekwale, me ya sa wani ya koma a motar farko maƙwabcinsa ya ce sai ya ga abin da hali ya yi. Waɗanda suka san amsoshin suna nan da ransu a Baruwa da Boso da matsugunan da ke bakin babban titin Diffa, kuma zama da su yanzu da littafin rubutu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tono abin da bafaden Kukawa ya raya a zuciyarsa a 1892.