Murjani Ba Ya Jin Gaggawa

A akwatin kakata akwai wani zaren murjani ja wanda ba a fito da shi sai ranar biki. Muna yara mun ɗauka dutse ne, irin wanda ake haƙowa a ƙasa. Sai da na girma na san ashe ƙashin wata 'yar dabba ce ta cikin teku, kuma irinsa kan baro Bahar Rum ne, ya ratso Sahara a bayan raƙumi tare da fataken Tarabulus da Gadamas, kafin ya iso kasuwar Kano, daga nan ya kai wuyan amaryar Daura.

Abin da ya tuna mini da zaren nan shi ne kiran da wani ƙanena ya yi mini daga Kongolam. Ɗan kasuwa ne mai zuwa Dubai. A can ya ga tankin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifaye, da murjani mai rai launi-launi, abin ya shiga ransa. Ya dawo ya kafa irinsa a falonsa, a garin da ke bakin iyakar Nijar, inda sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota kafin ka ga teku. Bayan wata 3 ya ce mini, "Yaya, abin nan ya ƙi tsawo. Na sayi duk maganin da aka ce, amma yana nan yadda na kawo shi." Da na je na tarar da kwalabe sun fi 10 a jere ƙarƙashin tankin.

Ra'ayina, wanda na gaya masa kuma nake maimaitawa a nan, shi ne jinkirin girma a sabon tanki yawanci ba cuta ba ne. Inda kuwa ya zama cuta, ba kasafai rashin wani sinadari ke jawo ta ba. Abin da ya fi jawo ta shi ne ruwan da ba ya zama a hali ɗaya, kuma sau da yawa hannun mai tankin ne ke jujjuya shi.

Ya kamata a fara raba murjani biyu. Jan nan na kakanninmu yana rayuwa ne a kogunan dutse masu duhu a ƙarƙashin Bahar Rum, kuma kaurinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita 1 a shekara. Shi ya sa dokar kamun kifi ta ƙasashen yankin ta hana cire reshen da gindinsa bai kai milimita 7 ba, kaurin da ke cin fiye da shekara 10 kafin a same shi. Wanda ake sa wa a tanki dabam ne. Shi ne mai gina tsaunukan ƙarƙashin ruwa a tekuna masu ɗumi, kamar Bahar Maliya da gaɓar Ostireliya. A cikin namansa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da haske ta samar masa da mafi yawan abincinsa. Da wannan ƙarfin yake jawo kalsiyam da kabonet daga ruwa, ya gina ƙashi irin na farar ƙasa. Masu rassa, irin su Akurofora, kan ƙara santimita 10 ko fiye a shekara a cikin teku. Masu dunƙulewa kamar tulu kuwa kimanin santimita 1 suke yi. Wanda ke tsugunawa gaban gilashi kowace safiya yana neman canji, ya sani ko a gidansu ma haka tafiyarsu take.

Sabon tanki yana da nasa lokacin. Ƙwayoyin bakteriya masu sarrafa kashin kifi, su mayar da ammoniya mai guba ta zama nitiret, suna bukatar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Bayan haka gansakuka iri-iri kan yi ta zuwa suna wucewa, wata ruwan ƙasa, wata kore, har ruwan ya natsu. Saboda haka ne masu dogon hannu a sana'ar ke cewa a bar tanki ya yi wata 6 zuwa shekara kafin a sa masa Akurofora. Shi ma reshen da aka yanko aka manna a dutse ba sama yake fara nufa ba. Gindi yake fara shimfiɗawa, ya kama dutsen, kamar dashen mangwaro da ke shafe watanni yana aikin saiwa mai gona yana zaton ya tsaya. Ƙanena yana auna tsawo, alhali aikin a ƙasa yake gudana.

Alƙaluman da ake nema sanannu ne. Kalsiyam miligiram 380 zuwa 450 a kowace lita, magniziyam wajen 1,250 zuwa 1,350, ƙarfin kabonet tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH, gishiri giram 35 a lita, zafi digiri 24 zuwa 27. Sai dai akwai abin da jadawalin ba ya faɗa. Tankin da ya tsaya a 7.5 wata da watanni ya fi wanda yau yake 8, gobe 11, jibi 9, ko da yake duk lambobin nan suna cikin iyaka. Idan kabonet ya yi tsalle, kan rassan ne ke fara ƙonewa su yi fari. Idan aka zuba kalsiyam da kabonet da yawa a lokaci ɗaya, musamman in magniziyam ya yi ƙasa, sai su haɗu da juna su zama farin gari ya kwanta a kan fanfo da gilashi. Mai tanki ya auna, ya ga lamba ta faɗi, ya ƙara zubawa. Haka kwalabe ke taruwa.

A ƙasarmu, abubuwan da ke jujjuya ruwa sun fi ƙarfin kwalba. A watan Afrilu zafin Daura kan haura digiri 40, alhali murjani yana fara korar gansakukar jikinsa, ya yi fari fat, idan zafi ya ɗara abin da ya saba da digiri 1 kacal na wasu makonni. Wannan ne ya faru a tekunan duniya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 da 2017, sannan a Afrilun 2024 masana suka tabbatar da zagaye na 4. Abin da ya gagari teku da faɗinsa ba zai yi wa lita 200 sauƙi ba. Lokacin hunturu kuma busasshiyar iska na shanye ruwa ta bar gishiri, sai ɗanɗanon ya yi ta hauhawa. Dole a riƙa cike gurbin da ruwa marar gishiri, kaɗan-kaɗan, kullum. Ƙanena yakan jira sai Juma'a ya zuba bokiti guda, ke nan kowane mako dabbobin suna hawa tudu suna gangarowa.

Sai wutar lantarki. Murjani ba ya tashi ya nemi abinci, ba ya kuma kawar da dattinsa, igiyar ruwa ce ke yi masa duka biyun. Idan fanfo ya tsaya na wasu awoyi cikin dare, iskar da ke cikin ruwa takan ragu, kuma ba a ganin ɓarnar sai bayan kwanaki. Ruwan burtsatse ma, komai daɗinsa a baki, yana iya ɗauke da nitiret da fosfet da ƙarfe. Fosfet mai yawa na hana ƙashi haɗuwa, jan ƙarfe kuwa ko ɗan kaɗan guba ne ga murjani. Amma kada a zarce: ruwan da aka tsane shi har nitiret da fosfet suka koma sifili shi ma yunwa ce, domin gansakukar nan tana bukatar ɗan abin da za ta ci.

Wani abu ya ba ni dariya a cikin kwalaben. Na duba wadda aka rubuta tana ƙara kabonet, mai tsadar gaske, sai na ga sinadarin da ke ciki ɗan'uwan kanwa ne, wadda kakanninmu suka daɗe suna kawowa daga ƙasar Manga ta Damagaram. Kada wani ya ji haka ya jefa kanwar kasuwa a tanki, domin tana tafe da ƙasa da wasu gishirai da ba a auna ba. Haka gishirin Bilma ko na miya ba zai zama ruwan teku ba. Na faɗi wannan ne don a san babu asiri a cikin kwalbar.

Za a iya ce mini haƙuri kaɗai ba ya warkar da tankin da kabonet ɗinsa ya faɗi zuwa 5, ko wanda fitilarsa ba ta da ƙarfi. Gaskiya ne, kuma jira ba tare da awo ba sakaci ne. Abin da nake ƙi shi ne a gyara abu 5 a rana ɗaya, ta yadda ko an samu sauƙi ba a san wanne ya yi aiki ba. A auna, a rubuta, a canza abu guda, a ba shi mako 2 ko 3. Zan ma ƙara da abin da masu sayar da kayan ba za su so ji ba: wanda ba shi da sola da batirin da za su riƙe fanfo dare da rana, da na'urar sanyaya ruwa, da matatar ruwa ta gaske, ya haƙura da murjani mai ƙashi. Rai ne, kuma da yawa daga cikinsa daga teku ake ɓallo shi, tekun da shi ma yake fama. Kifin ruwan daɗi ya wadatar da falo.

Ƙanena bai ji daɗin maganar ba, amma ya kwashe kwalaben ya bar 2. Kuɗin da ya ware don sabbin rassa ya sa su a batir. Ya sami littafin awo irin na 'yan makaranta, yana rubuta zafi kullum, kabonet sau 2 a mako, yana kuma ɗaukar hoto daga wuri ɗaya a farkon kowane wata. Rassa 2 sun mutu kafin ruwan ya daidaita. Da na koma bayan sallar layya, ya jawo ni gaban gilashin ya nuna mini gindin wani reshe. Wani siririn baki mai haske ya zagaye shi, ya malala kan dutsen, faɗinsa bai wuce ƙwayar gero ba.