Raddi Ga Mai Haramta Fiɗiyar Tsohon Muzuru

 

Wata tambaya ta taso a Filinge. Wani magidanci ne kusu ya addabi rumbunsa na gero, ga kuma wani tsohon muzuru marar gida da ya saba da ƙofarsa, kunne a yage, fuska duk tabo. Yana so ya riƙe shi, amma sai likitan dabbobi ya fiɗiye shi tukuna, saboda zarnin fitsarinsa da kukan da yake hana maƙwabta barci. Ya kai maganar gun wani malami, malam ya ce haramun ne, ya jero hujjoji. Mutum ne mai karatu, ba a ture maganarsa da gefen hannu, don haka zan bi hujjojin nasa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce fiɗiya canza halittar Allah ce, kuma aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta jingina wannan aiki ga umarnin Shaiɗan.

Na ce: Allah gafarta malam, an ruwaito wannan fassara daga magabata, ciki har da Anas da Ikrima, ban musa ba. Amma an ruwaito daga Mujahid da wasu cewa abin nufi shi ne canza addinin Allah, kuma ita ce fassarar da Ɗabari ya rinjayar a tafsirinsa. Mu ɗauka ma ta farkon ce. Da tana nufin kowace fiɗiya a kan kowace dabba, da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu ba, alhali hadisin yana nan wajen Ahmad da Ibn Majah. Risala ma, wadda almajiri ke haddacewa tun kafin gemu ya fito masa, ta halatta fiɗiyar tumaki da awaki don naman ya gyaru, dawaki ta ware. Gaskiya ne Muwaɗɗa ta kawo cewa Ibn Umar yana ƙin fiɗiya, sai dai Maliku da ya ruwaito hakan bai ɗauke shi haramci na bai ɗaya ba. Malam ya shiga kasuwar dabbobi ta Filinge ko ta Baleyara ya ƙirga taure nawa ake sayarwa, ya dubi shanun da ke jan amalanke daga fadamun Dallol Boso. Tashar kiwo ta Tukunus, nan arewa da gari, aikinta kyautata irin shanun Azawak, kuma ba a kyautata iri sai an zaɓi bijimin da zai yi barbara an hana sauran. Duk ƙasar Kurfai, inda Filinge take, ba a taɓa jin wanda ya tashi daga kan tuwo don miyar naman taure ce ba.

Ya ce, kuma nan ne ƙarfin maganarsa yake: waɗancan dabbobin ci ne, an yi sauƙi don nama, kuma tun suna ƙanana. Mussa ba a cin ta, wannan muzurun kuwa ya tsufa.

Wannan rabe-rabe yana da asali. Nawawi ya kawo shi a mazhabar Shafi'i: dabbar da ba a ci ba a fiɗiye ta, ƙarama ko babba, wadda ake ci kuma sai tana ƙarama. Wanda ya bi wannan ya bi malamai. Amma malam a Filinge yake ba da fatawa, ga mutanen da suka tashi a kan Malikiyya, kuma ma'aunin Malikiyya ba ci ko rashin ci ba ne kaɗai. An hana fiɗiyar doki ne don tana rage masa ƙarfi tana yanke irinsa, alhali ana bukatarsa wajen yaƙi. Shi ya sa masu sharhin Risala suka halatta ta ga jaki da alfadari, waɗanda ba wanda ke yanka su a mazhabarmu, har suka ce dokin ma in ya zama mai cizo da hauka a fiɗiye shi. Abin da ake dubawa ke nan: akwai amfani, ko akwai cutar da za a ture? (Af, in ma za a tsaya a kan batun ci, Mukhtasar na Halilu ya sa mussa cikin makaruhai ne, bai sa ta cikin haramtattu ba. Ban faɗi wannan don kowa ya ɗora tukunya ba.) Hanafawa kuwa sun ambaci mussa da sunanta: Fatawa Hindiyya, da aka tattara a Indiya a ƙarni na 17, ta ce ba laifi a fiɗiye ta in akwai amfani ko kau da cuta.

Sai batun girma. Me ya sa malaman da suka gindaya ƙuruciya suka gindaya ta? Don babbar dabba ta fi jin azaba, ta fi zubar da jini, ta fi kusa da mutuwa a hannun mai wuƙa. Sun yi hukunci a kan fiɗiyar da suka sani, wadda ake kayar da dabba a danne ta tana ji tana gani. Ta likita a yau allurar barci ce, sai ɗan tsagi a fatar maraina, aikin 'yan mintoci, sau da yawa ko ɗinki ba a yi, kashegari muzuru yana cin abincinsa. Hukunci yana tafiya ne da dalilinsa, kuma malam ne ya fi ni sanin wannan ƙa'ida.

Ya ce azabtarwa ce, ya tuna mana matar da ta shiga wuta saboda mussa.

Hadisin ingantacce ne, Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Magidancin nan abinci yake so ya bayar da wurin kwana. Sannan a dubi rayuwar muzurun da aka bari yadda yake. Faɗa ne kowane dare a kan mace, cizon ya zama ƙurji ya fashe, kuma ta hanyar cizon nan ne wata cuta mai karya garkuwar jikin mussa take yaɗuwa tsakaninsu, ko da yake ba ta kama mutum. Tabon da ke fuskar muzurun nan ba a hannun likita ya same shi ba. Inda nake tare da malam ɗari bisa ɗari shi ne fiɗiyar gida. Wanda ya cusa kan muzuru cikin buhu ya sa reza, ko ya ɗaure masa maraina da roba, ko ya yi masa dandaƙa irin ta bunsuru, ya yi zalunci, kuma babu littafin da zai fake da shi. In babu wanda ya iya aikin da allura a kusa, a jira, ko a kai shi Yamai in hali ya yi. Tafiyar wajen kilomita 180 ce, kuma kowa ya san yadda hanya take a shekarun nan.

Ya ce tsoho ne, me ya rage masa, kuma hali zanen dutse.

Shekaru kaɗai ba sa hana aikin. Abin da likita ke dubawa shi ne ƙoda da zuciya da ƙarfin jiki, ko za su ɗauki allurar barci. In muzurun ya rame ko yana ciwo, a yi jinyarsa tukuna, in likita ya ce ba zai ɗauka ba a bar shi. Game da hali, mafi yawan muzurai suna rage yawo da faɗa da fesa fitsari bayan fiɗiya, ko sun girma, kuma zarnin yana raguwa ƙwarai. Wasu tsofaffin sukan riƙe wani abu na tsohuwar ɗabi'a, kuma canjin yakan ɗauki makonni. Wannan ma shi ne dalilin yin aikin kafin a shigar da shi gida. Muzuru da fitsari yake shata iyakar mulkinsa, in ya riga ya yi wa ɗaki da buhunan hatsi alama, komawa zai riƙa yi.

Ya ce zai zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, kusu ya yi rawa a gabansa. Farauta ba daga maraina take fitowa ba, mata ma suna kamu. Muzurun da ya daina bin mata unguwa-unguwa ya fi zama kusa da rumbu. A dai kula kada a cika masa ciki ya yi ƙiba.

Ya ce an yanke masa zuriya. Cikin mussa wata biyu ne da 'yan kwanaki, takan haihu sau biyu ko uku a shekara, uku zuwa biyar a kowane ciki, 'yarta kuma tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida. Irin da ake tsoron ya ƙare shi ne na doki. 'Ya'yan mussa kuwa kowa ya san inda suke ƙarewa: a zuba su a kwali a kai bayan gari, ido bai gama buɗewa ba, rana da karnuka su gama da su. Wannan ne ya fi kama da aikin matar hadisin, kuma ban ji malam ya yi fatawa a kansa ba.

Daga ƙarshe ya ce wannan al'adar Nasara ce, mutane na fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke da kuɗin likitan mussa? Ba wanda ya ce wajibi ne. An tambayi malam halal ko haram, ba a tambaye shi abin da ke aljihun mai tambaya ba. Wanda ba shi da hali ya ciyar da muzurunsa a waje, yana da lada. Wanda yake da hali kuma ya kai shi, to kada ya dawo sai an yi masa allurar rigakafin haukan kare. Karnuka ne suka fi sa wa mutane wannan ciwo, amma mussa ma tana ɗauka tana bayarwa, fiɗiya ba ta hana shi, kuma muzurun da ya shekara yana faɗa a duhu ba a san abin da ya cije shi ba. In ya yaƙushi yaro ko ya cije shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi asibiti a ranar.