Iskar da ke kisa a ramin zinare

1/ 'Yan uwana masu haƙar zinare a dajin Birnin Gwari, ku ba ni aron hankalinku. Muna tsoron ruftawar rami, muna tsoron ɗan bindiga, amma wa ke tsoron iska?

2/ Injin jan ruwa da ake kunnawa cikin rami yana fitar da kabon monoksayid. Ba launi, ba wari. Jini na kama shi fiye da oksijin sama da sau 200. Ciwon kai, jiri, barci, shi ke nan.

3/ Kabon dayoksayid kuma ya fi iska nauyi, ƙasan rami yake kwanciya. Mitan in ya kai kashi 5 cikin 100, ƙyasta ashana ɗaya ta isa.

4/ Akwai na'ura mai harba wani hasken da ido ba ya gani. Kowanne daga cikin gas ɗin nan yana shanye nasa kason, hasken na raguwa sai ta ɗau ƙara.

5/ Ni dai a ganina, maigidan da ya sayi na'urar neman zinare ba shi da uzuri. A zura ta da igiya tukuna. In ta yi ƙara, wallahi kar ka sauka, ko ɗan'uwanka ne ya faɗi ciki. A kira agaji, a hura iska.