A Koya Wa Yaranmu Iyo, Bulala Ta Gaza

Samarinmu da ke ci-rani a Legas sun iya tura hoto. Ga su nan a Elegushi ko Tarkwa Bay, wando a naɗe, teku na tumbatsa a bayansu, wani ma ya hau babur ɗin ruwa na haya. Ƙannensu a Moriki na kallo a waya suna haɗiyar yawu. Ni kuwa tambaya ɗaya ke zo mini: cikin masu hoton nan, mutum nawa ne zai fito da ƙafarsa in igiyar ruwa ta ja shi?

Mu ba mu da teku, kowa ya sani. Amma ba a hana mu ruwa ba. Gulbin Gagare ya ratso Ƙaura Namoda ya yi arewa, Bunsuru ya biyo ta ƙasar Zurmi, su duka suna gangarawa Rima. Da rani yashi ne fetal, sai 'yan gurabe da masu noman lambu ke ja da inji. Da zarar Agusta ta kama, gulbin da aka ƙetare da takalmi jiya ya zama wani abu dabam. Ga kududdufai da ramukan da aka haƙa don ƙasar gini, cike taf a bakin gari. Nan ne bakin tekun yaranmu, kuma can suke yini, ko mun so ko mun ƙi.

Dabarar da muka gada ita ce hani. Yaro ya dawo ido ja, jiki fururu, a san inda ya fito, a ɗauko bulala. Gobe zai koma, sai dai ya ƙara ɓoyewa, ya zaɓi mashayar da babu babba ko ɗaya. Mun kore shi daga idonmu, mun miƙa shi ga ruwa ke nan. Iyon da ya iya, tsararsa ne suka koya masa: bugun ruwa da hannu da ƙafa har ya gaji. Bai san yadda ake kwanciya rigingine a huta a kan ruwa ba. Bai san ba a faɗawa a rungumi wanda ke nutsewa ba, sanda ko igiya ko gora ake miƙa masa. Shi ya sa sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya nutse da ta wanda ya bi shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 300,000 ruwa ke ci duk shekara, yara da matasa ne gaba. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli don wannan masifa. Mu nan ba ma bukatar a tuna mana: a Satumbar 2024 kwale-kwale ya kife da manoma a Gummi, aka rasa rayuka masu yawa. A kan hanyar gona suke, ba wasa suka je ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne muna da malaman a gida. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Sarkawa da masu fito, mutanen da suka san inda gulbi ke da rami da inda yake juyi. A Argungu, wannan sanin suka mayar abin alfahari. Bikinsu da ya samo asali a 1934 ba kamun kifi kaɗai ba ne, akwai kabanci: tseren kwale-kwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwa. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Ruwan Matan Fada, inda suke bikin, bai fi namu albarka ba, tsari suka fi mu. Kuma masu ganin iyo shashanci ne su tuna an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara shi.

Za a ce mini ana ta kai wa ke ta kaya, bakin gulbin ma 'yan bindiga sun hana zuwa. Gaskiya ne, ba kuma zan ce a kai yara daji ba. Akwai kuma tsargiya, mai sa fitsarin jini, da ake ɗauka a kwantaccen ruwa. Maganinta na nan, kuma ana raba shi a makarantu. Amma duk wannan hujja ce ta a keɓe wuri ɗaya kusa da gari, marar zurfi, a kafa alama, a sa lokaci, a tsayar da babba. 'Yan mata ma a ba su nasu lokacin da mata masu kula, don su ma suna hawa jirgin fito, su ke zuwa wanki.

Kirana ga masarautun Moriki, Zurmi, Shinkafi da Ƙaura: kafin damina mai zuwa a kira sarakunan ruwa da shugabannin makarantu, boko da allo, a zauna a kan wannan. Kai kuma mai karatu, yau ka tambayi ɗanka inda yake wanka, ka ajiye bulalar kafin ka tambaya.